Kira Ba Sallama

Kifi banda Sadiƙa ta je saye a ƙetaren Binuwai, ciniki ya ja ta har rana ta yi ja. Ta tare ɗan moto, mai haya da babur, wani Antoine, mutumin Kaélé mai surutu, ya ɗaure mata kwandon a baya suka kamo hanyar Garuwa. Yana da 'yar rediyo mai cin katin memori ɗaure a kan tankin mai, tana ta zuba kiɗa ba kai ba gindi: na coci, na Fulani, na Larabawan Chadi. Ta ce masa wannan ai faten waƙa ne. Ya yi dariya ya ce haka ake yayi yanzu, Mama. Ka kai katinka shago, na'ura ta jefa hannu cikin dubban waƙoƙi ido rufe, abin da ta damƙo shi ne rabonka.

Suna hawa gada kiɗan ya ƙare. Sai amon garaya. Sai tari guda, irin na mai gyara murya.

Sadiƙa ta san tarin nan. Na uwarta ne, wadda ta daɗe a ƙasa.

Uwar tata mawaƙiyar mutanen ruwa ce a zamaninta, ita ake ɗaukowa idan iska ta taɓa wani. Waƙoƙin nan kuwa ba a yi musu garaje. Akwai ta kira, akwai ta zama, akwai ta sallama, kuma ba a taɓa ta farko sai an tabbata za a kai ta ƙarshe. Sadiƙa ta yar da harkar tun tana budurwa ta kama sallarta, kaset ɗaya kawai ta ajiye saboda muryar uwa. Da ya fara cin zare sai ta kai wa Muntaka, ɗan ƙanenta, mai shagon tura waƙa a bayan babbar kasuwa. Ita ta goye shi, ita ta yi masa aure. Ta sa ya dafa Alƙur'ani a kan zai juye mata a kati ɗaya ya goge saura. Ya dafa. Har da cewa haba Gwaggo, kamar wani baƙo.

Ga shi yau ya zuba kakarsa cikin tarin kayan kasuwa, kowa ya ɗiba.

Kuma waƙar ta kira ce. A kan ruwa. Da magariba.

Antoine ya kai hannu zai kashe, ta riƙe masa gwiwar hannu. Yankewa ta fi muni. Ta sa rai wataƙila ta zama za ta biyo, wataƙila yaron ya bar su a jere. Muryar ta kai ƙarshen kira ta yi shiru. Sadiƙa ta kasa kunne.

Sai rediyo ta yi tsalle ta faɗa wani kiɗan rawa na 'yan kudu.

Bayan moton ya nutse, kamar an ɗora buhun gero.

Warin laka ya taso, da ƙarnin ɗanyen kifi. Fitilar gaba ta koma ja ta dusashe. Babu mota ko ɗaya a kan gadar da kullum take cike. Wani abu mai sanyi ya jingina da bayanta, ruwa ya ratsa mayafi ya bi ƙashin baya yana gangarawa.

"Mama," in ji Antoine, murya can ƙasa, "mu nawa ne a kan moton nan?"

"Kada ka waiga. Danna ta gaba."

Ya danna. Waƙar biki. Ya sake. Wa'azi. Ya sake. Kiɗan coci. Na'urar da ta tsinto kira ba ta san akwai sallama ba.

A kwandon, kifin banda ya fara motsi. Tana jin jela tana bugun kaba.

Kan moton ya karkata dama, wajen ƙarfen gada. Antoine yana ja hagu da hannu biyu, yana kiran Yesu a hankali. Moton bai ji ba.

Wasu yatsu suka zagayo ƙugunta. Dogaye. Jiƙaƙƙu.

Ƙasa ruwa ya yi baƙi, ya buɗe.

Sadiƙa ta buɗe bakin da ta rantse ba zai ƙara waƙoƙin nan ba, ta kama ta sallama. Baitin farko ya fito a karye. Na biyu ya ɓace mata.

Yatsun suka matse.

Ta tuna yadda uwarta take tafa cinya sau biyu kafin ta juya murya. Ta tafa. Baitin ya zo. Ta rera, tana ba baƙo haƙuri, tana nuna masa hanyar gida.

Nauyin ya ɗaga. Wani abu ya faɗa ruwa, ba ƙara, sai kumfa.

Moton ya kwashe su ya zubar a gangaren gada. Antoine ya tashi da gwiwa a fashe, ya ciro katin ya taka, bai tsaya karɓar ko sisi ba. Kwandon babu komai ciki sai laka.

Da safe ta je shagon. Muntaka bai yi musu ba. Ya ce ya ga abin tarihi ne, gogewa asara ce, kuma ai ba shi yake zaɓa wa mutane ba, na'ura ce. Ta tambaye shi kati nawa waƙar ta shiga. Ya sosa ƙeya. Shi kansa bai sani ba. 'Yan moto, masu kiɗan biki, direbobin manyan motoci masu zuwa Ngawundere, duk a wurinsa suke cika kati.

"Ko na goge yanzu, Gwaggo, wanda ya fita ya fita."

"Ranar da na mutu," ta ce, "kada ka taɓa makarata."

Ba ta ƙara kiran sunansa ba.

Tun daga lokacin, kullum rana ta yi ja, za ka ga wata tsohuwa a gindin gada tana fuskantar ruwa, tana sallamar baƙin da ba ita ta kira ba. Matan unguwa da suke zuwa karatu tare sun daina gaishe ta, sun ce ta koma gidan jiya. Wata rana sau ɗaya take rerawa ta tafi gida. Wata rana kuwa sai muryarta ta dushe, ruwan bai kwanta ba.