Sunan da Ta Ɓata Masa

"Ki daina waiwaye, Mawahib. In kina yin haka, ko wanda bai biyo ni ba sai ya biyo ni."

Zubairu ne ya faɗa, murya ƙasa-ƙasa. Suna zaune a kujerun mai shayi a gindin darbejiya, bayan kasuwar Umdurman. Ya ɗaga kofi zai kai baki, shayin ya zube masa a jallabiya.

"Me suka ce maka a ofishin tsaron?"

"Ba su ce komai ba."

"Tun safe har la'asar ba su ce komai ba?"

"Sun ajiye ni a kujera, fuskata na kallon bango. Da zan fito wani ya karɓe takardar jinsiyyata, shaidata ta ɗan ƙasa, ya ce in dawo gobe. Ya nuna mini wasu takardu da Turanci. Na ga hotona a ciki, habibti... Na ga sunanki."

Ba sai an faɗa mata daga ina takardun suka fito ba.

Akwai wani dandali a intanet inda baƙi masu jin Turanci mazauna Khartum ke haɗuwa, Turawan nan da mutanen gari ke kira hawaja. Wannan na cigiyar likitan haƙori, wancan na sayar da firiji zai koma ƙasarsu, wata kuma kullum tambayarta ko ruwan famfo zai kashe ta. Mawahib, da ta karanta Turanci a jami'a take koya wa matansu Larabci, ta zama uwar ɗakin wurin. Duk wanda ya rasa tela ko mai raksha, keken hayan nan mai ƙafa uku, ita yake tambaya, kuma abin da ta faɗa ya zauna.

Da zafi ya matsa wata shekara, suka shiga kukan mukayyif ɗinsu, na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da ruwa da ciyawa. Mawahib ta rubuta musu sunan saurayinta Zubairu da lambarsa, ta ce akwai wani mai gyara a unguwar Alshajara, ba ya ƙarya ba ya saɓa alkawari. Ba ta ce saurayinta ne ba. Dabara ce irin ta macen da take son a gama ginin ɗaki a ɗaura aure.

Dabarar ta ci kuwa. Hawaja in suka so mutum ba su iya ɓoyewa. Aka yi ta yabo, aka sa hotonsa a kan rufin wani gida yana murmushi, wata ta ce har makullin gidanta take bar masa. Sai wani ya ji shi yana Hausa a waya, ya tambaya, aka ce masa ai yaren Najeriya ne. Ya rubuta, "abokinmu ɗan Najeriya." Shi ke nan suna ya bi shi. Zubairun da kakansa ya zo da ƙafa kan hanyar Makka ya tsaya noman auduga a yankin Jazira, Zubairun da ko a mafarki bai san hanyar Kano ba. A lokacin ita da shi dariya suka sha.

Yanzu gwamnatin soja ta kori ƙungiyoyin agaji, ana bin duk wanda ya taɓa raɓar su. Ga kuma baƙo ɗan wata ƙasa, in ji takarda, mai riƙe da makullan gidajen Turawa.

"Ni na jawo maka," ta ce, hawaye na zubo mata.

"Abinci kika nema mini. Share idonki, mai shayi na kallonmu."

A gida, mahaifinta Malam Abdulganiyu ya riga ya ji. Labari irin wannan ba ya jiran raksha. Ya kira ta tsakar gida, yana jan carbi.

"Za a ɗaga ɗaurin auren, ya bitti, 'yata."

"Baba..."

"Ban ce an fasa ba. Na ce a ɗaga."

"Zuwa yaushe?"

Ta ga tsoro a fuskarsa, abin da ba ta taɓa gani ba, sai tsoronta ya ninku.

"Yaron nan ba shi da aibi, na sani," ya ce. "Amma in suka ce shi baƙo ne, mu fa? Kakansa da ubana tare suka ƙetaro. Ina da ƙannenki, ina da shago. In na miƙa masa ke a wannan hali, na miƙa musu gidan nan duka. Kina so ki ga an ɗora ni a mota da tsufana?"

"A'a, Baba."

"To ki yi haƙuri. Kuma ki fita daga wajen hawajan nan, khalas, magana ta ƙare."

Ta ce to. Washegari da hantsi tana shagon intanet.

Mai shagon ya kalli katin shaidarta ya daɗe, ya nuna mata kwamfutar da ke lungu. Ta rubuta da sauri, tana jin kamar duk idon shagon na kan wuyanta. Ta gaya wa mutanen dandalin cewa Zubairu na cikin matsala saboda abin da suka rubuta a kansa. Ta roƙe su don Allah kowa ya goge nasa, su yi shiru, su manta da shi.

Allah sarki, hawaja. Ka ce musu su yi shiru, kamar ka ce su buga ganga ne.

Da ta dawo da yamma, maganar ta cika dandalin. Babu wanda ya goge komai. Wani ya buɗe sabon shafi da manyan baƙaƙe, wai a ceci Zubairu. Wata ta ce ta san ɗan jarida a Landan. Wani ya ce zai kai maganar ofishin jakadancinsu, wani ya ƙara da cewa a sanar da na Najeriya tunda ɗansu ne. Wata baiwar Allah, don ta nuna irin amanarsa, ta ba da labarin yadda ya taɓa raka su sansanin 'yan gudun hijira ya yi musu tafinta. Duk da zuciya ɗaya suke yi, kuma kowace kalma igiya ce a wuyansa.

Ta nemi Baturiyar da ke kula da dandalin, mai ikon goge komai. Wayarta a kashe. Tana cikin waɗanda aka kora.

Ran nan Zubairu ya koma ofishin kamar yadda aka ce masa, har magariba bai fito ba.

Da safe mahaifiyarsa, Hajja Uwa, ta iso daga Alshajara, taub ɗinta, lafayar da ta naɗa, a karkace, takalmi ƙafa daban-daban. Ba ta yi wa kowa faɗa ba. Ta zauna a kan gadon igiya ta kama hannun Mawahib.

"'Yata, an ce ke kika san harshensu. Ki gaya musu ɗana ba kowa ba ne. Wallahi ba kowa ba ne. Mai gyaran mukayyif ne kawai..."

Maganar ta tsaya wa Mawahib a rai. Ba kowa ba ne. Su kuwa can sun mai da shi wani. Muddin Turawa na kuka a kansa, waɗanda ke riƙe da shi za su ɗauka sun kama babban kifi. Roƙo ba zai sa su daina son sa ba. Abu ɗaya ne zai sa.

Ta yafa mayafinta ta fita. A cikin bas, a kan gadar da ke haye Nilu, sojoji suka tsayar da su suna leƙa fuskoki. Ta sauka a Khartum ta nemi shagon da ba a san ta ba. Ta zauna gaban kwamfuta. Sannan ta ce, "Ka yafe mini, habibi," ta fara.

Ta rubuta cewa ta gano gaskiya, kuma dole ta nemi gafararsu. Zubairu ba ɗan Najeriya ba ne, ɗan Jazira ne, ta san gidansu, ya bar su suna kiransa haka ne don su tausaya masa. Ta ce yana cire sabon famfon tura ruwa daga mukayyif ɗinsu ya sa tsoho, ya sayar da nasu a kasuwa. Ta ce ba siyasa ta kai shi inda yake ba, halinsa ne. Ta ce jahili ne da bai san komai ba sai ƙarfe, ko zancen da suke yi a gabansa ba ya ganewa. Ta sa sunanta a ƙasa, sunan da ba su taɓa kamawa da ƙarya ba.

Ta aika, ta shiga banɗakin shagon ta yi amai.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne saurin da suka yi. Mutumin da ya buɗe shafin ceto ya rufe shi. Matar makulli ta ce dama ta taɓa neman wani agogo ba ta gani ba. Wani ya ce shi tun farko jikinsa bai ba shi ba. Ɗaya bayan ɗaya suka goge yabonsu don kunya, hoton ma ya ɓace. Abin da hawayenta ya kasa, ƙaryarta ta yi shi kafin rana ta faɗi. Ta ji haushinsu kamar ta mutu, alhali abin da take so ke nan.

Sai jira. Ba ta ci, ba ta barcin kirki. Mota in ta tsaya a ƙofar gida sai zuciyarta ta tsinke, ba ta san ko shi ne aka kawo ko ita aka zo ɗauka ba. Wani tunani kuma ya fi wannan muni. In ya mutu a can, maganar ƙarshe da duniya ta ji a kansa daga bakinta ta fito, kuma ɓarawo ta ce.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka yi sallama. Malam Abdulganiyu ya leƙa, ya dawo ya tsaya a bakin ɗakinta.

"Fito. Yana zaure."

Ya rame, an aske masa kai, yana zaune a karkace kamar mai tsoron jingina bayansa. Ta durƙusa daga bakin ƙofa. Mahaifinta bai tafi ba, ya tsaya daga gefe.

"Sannu, Zubairu..."

"Yauwa."

Bai kalle ta ba. Ƙasa yake kallo.

"Ofisan ya karanta mini," ya ce. "Yana karantawa yana fassarawa, sauran suna dariya. Ya ce, ya zol, wato kai mutum, ashe kai ɓarawon famfo ne muke ɓata abincinmu a kanka. Ya jefo mini jinsiyyata a ƙasa ya ce in ɓace."

"Na sani ba za ka..."

"Bari in gama. Duk dukan da suka yi mini bai kai wannan karatun ba. Da ya zo kan sunanki sai da na ce ya maimaita. Ina cikin bas, mun hau gada, sannan hankalina ya dawo. Na ce yarinyar nan da ko ƙwarar dabino ba ta yarda in ci a kasuwa kafin a auna, yaushe ta ga na saci famfo ta yi shiru? Sai na gane. Na yi kuka har kwandasta ya ce ko mutuwa aka yi mini."

Ta rufe fuskarta da mayafi, kafaɗunta na girgiza.

"Abu ɗaya zan tambaye ki, Mawahib. Wurin da kika ce jahili ne, bai san komai ba sai ƙarfe... wannan ma ƙarya ce, ko shi kaɗai ne gaskiyar?"

"Wallahi shi ya fi ba ni wuyar rubutawa. Na goge shi na sake, na goge na sake. Na san shi ne zai sa su sake ka." Ta ɗago ido jajur. "Ka bari ƙura ta lafa, zan koma in gaya musu ƙarya na yi. Zan wanke ka, ko da za su tsine mini."

"Kul." Sai yanzu ya kalle ta, tsoro ƙarara a idonsa. "Kada ki sake. In suka dawo so na, na koma kujerar nan. Ki bar ni a ɓarawona."

"Aikinka fa? Sunanka fa?"

"Sun tafi, habibti. Ba za su dawo ba."

Malam Abdulganiyu ya yi gyaran murya. Ya dubi yaron, ya dubi 'yarsa, ya leƙa titi ta ƙofar zaure kamar mai ƙirga motoci. Tsoron bai bar fuskarsa ba.

"Ka ce wa kawunka ya zo bayan la'asar," ya ce. "Babu kiɗa, babu taro, shaidu kawai. Yarinyar da ta iya yi maka wannan, in na hana ka ita ban san wa zan ba ba."

Zubairu ya yunƙura zai durƙusa ya yi godiya, bayansa ya hana shi. Tsohon ya riƙo kafaɗarsa a hankali, yana neman inda babu ciwo.

Aka ɗaura auren a zauren nan, ƙofa a rufe. Daga cikin ɗaki Mawahib ta ji an shafa fatiha. Ta kifa kanta a cinyar Hajja Uwa tana kuka, tsohuwar na shafa mata baya tana cewa, "Allah Ya yi miki albarka, 'yata, ke da kika zagi ɗana."