Shaidar Baffa Jatau

Ranar da takardar ƙorafi ta iso gidan, Ni'mat tana tsugune a tsakar gida tana dafa gahawa, ƙafafunta a kumbure don tun asuba take tsaye a ɗakin haihuwa. Ungozoma ce a Umdurman, shekara tara ke nan. Da aka ware wa mata kashi ɗaya cikin huɗu na kujerun majalisar jihar Khartum, wata jam'iyya ta nemi macen da unguwa ta sani ta sa a jerin 'yan takararta. Ba ta sha wahalar nema ba, rabin yaran unguwar a hannun Ni'mat suka faɗo.

Wani bawan Allah ne ya rubuta wa hukumar zaɓe cewa Ni'mat Lawal ba 'yar ƙasa ba ce, jikar mahajjaci ce da ya zo wucewa ya manta bai wuce ba. An ba ta kwana bakwai ta kawo dattijo daga dangin uba ya rantse a kan asalinta. Dattijon kuwa ɗaya ya rage: Baffa Jatau, wan mahaifinta marigayi, wanda ya riƙe ta, kuma uban Muntari, wanda aka sa musu ranar aure shi da Ni'mat bayan Babbar Sallah.

Idon Baffa ya yi rauni, don haka ita ta karanta masa. Da ta zo layin da ya taɓa kakanta, mahaifin Baffa, kunya ta sa ta tsallake shi.

"Ba inda zan je!" in ji shi. "Shekara tamanin muna garin nan, me ya tsare mu? Shiru. Yau ke, gobe su tone takardun gidan nan kaf. Ki janye, halas, magana ta ƙare! In kuwa majalisar kike so, to ki aure ta. Ɗana ba zai auri fitina ba."

Matarsa Goggo Indo ta taya shi. "Mace a majalisa! Me za ki ce musu, yadda ake yanke cibiya?"

"Zan ce musu mata uku suka rasu a raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, bana kafin su kai asibiti, Goggo."

"Allah ya jiƙansu. Miƙo sukari."

Da yamma Muntari ya dawo daga garejin walda a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, ido jawur. Ya tsaya a zaure yana murza hula.

"Ni'mat, wallahi ina sonki. Ni ban ce ki janye ba... kuma ban ce kar ki janye ba."

"Lallai ya ustaz, ka fi ni dacewa da majalisar."

Dariyar da ta yi ba ta yi nisa ba, kuka ya karɓe ta.

Kwana biyar ba ta sake tayar da maganar ba. Ta kai wa Baffa ruwan alwala, ta tafi aiki, ta dawo, ta yi shara. A rana ta shida ta rubuta takardar janyewa, ta haɗa da ta ƙorafin ta miƙa wa Muntari.

"Kai musu. Na gaji. Ba zan saɓa wa wanda ya rene ni ba."

A bakin ƙofa ya karanta takardar ƙorafin, abin da bai yi ba tun farko. Sai ta ga ya juyo ya durƙusa a gaban ubansa.

"Baba, akwai layin da ba ka ji ba. Sun ce, 'Kakanta Dogo, ba a san ranar shigowarsa ba, ba a kuma san inda ya ƙare ba.'"

Carbin Baffa ya tsaya cak.

"Ba a san inda ya ƙare ba? Ni na sa shi a kabari da hannuna a Umdurman, Turawa ma ba su tafi ba! Ke, don me kika ɓoye mini?"

"Na ji nauyi, Baffa."

Muntari ya ce, "In ta janye, maganarsu ta zauna, Baba. A kanta, a kaina, har kan ɗan da za mu haifa."

"Indo! Ɗauko mini farar jallabiyata!"

Washegari rantsuwar da ake yi a minti biyar ta ci sa'a guda. Baffa ya lissafa maƙwabtan mahaifinsa gida-gida, da limamin da ya yi masa salla, har ma'aikacin ya roƙe shi don Allah ya isa.

Ni'mat ta samu kujera, a layin baya, ƙarƙashin fankar da ba ta juyawa. An ɗaura aure bayan Sallah. Sai da ta shekara biyu tana ɗaga hannu kafin unguwar ta samu motar ɗaukar marasa lafiya guda ɗaya, ita ma ta ga jiya. Amma tana tashi in an tura ta, kuma mata suna isa da ransu.

Mahaƙurci mawadaci, haka magabata suka ce, kuma ba su yi ƙarya ba, sai dai ba su faɗi tsawon jiran ba. Yarinya ta yi biyayya, amma kar ta ɓoye wa babba gaskiya don kunya. Babba kuma ya sani, shirun da ya tsare gida jiya yana iya sayar da shi yau.