Tukunyar da Evaristo Bai Ɗanɗana Ba

Ni Hortensia, da kuke ce wa Nana Tencha, shekara ashirin ina riƙe da muciya a bikin waliyyi San Isidro da ake yi duk watan Mayu a garinmu. Don haka abin da zan faɗa ba a kasuwa na tsinto shi ba, da hannuna a ciki.

Evaristo masunci ne a tafkin nan, kwalekwalensa na yoyo, bakinsa kullum cikin ƙorafi. Wata Juma'a a watan Maris, da rana tsaka, ya haura dutse wajen Don Melitón, bokan da ke zaune bayan rumbun shanya taba. Ɗakin ba taga. Baƙaƙen kyandirori sun narke sun manne da ƙasa. An rataye busasshen kan bunsuru, an cusa masa ganyen taba a baki, hayaƙin ƙaro kuwa har yaji yake sa wa ido. A tsakiya ga tulu an ɗaure bakinsa da fata. Ba mai taɓa shi, amma ana jin ruwan ciki yana motsi.

"Arziki, ko?" in ji boka. "Duk mai hawa dutsen nan da tsinkakken takalmi arziki yake so. Bari in tambaye ka wani abu, misali ne kawai."

"Ina ji, Don Melitón."

"A ce ka yi kuɗi. Ka san al'ada, dole ka ɗauki nauyin bikin waliyyi ka ciyar da gari. A ce duk wanda ya ci daga tukunyarka sunansa ya faɗa tulun nan, ba fita. Kowace shekara tulu ya ɗauki mutum ɗaya."

"Ni fa?"

Boka ya ƙyalƙyale da dariya. "Kai ko kunya ba ka ji! Ko 'matata fa' ba ka ce ba. To, in ka ci tare da su, kai ma kana ciki, ranar da aka ɗauke ka kuma tulu ya rufe, kowa ya huta. In ba ka ci ba, ba abin da zai taɓa ka, amma tulu ba zai rufe ba, ko bayan ranka. Wanne ka zaɓa?"

"Misali ne dai, ko?"

"Misali ne, ɗana. Miƙo babban yatsa."

Evaristo ya daɗe yana kallon tulun. Can ya ce, "Ni dama ina da gyambon ciki, ba na cin yaji."

Boka ya yanka baƙin zakara, ya tsaga masa yatsa, ya haɗa jinin biyu ya tsiyaya ta wani rami a fatar. Ruwan ya yi tsit.

Shekara biyu ba ta cika ba sai ga gonakin taba, ga shanu, ga bene mai koriyar ƙofa. Ya ɗauki nauyin biki. Talotalo ashirin muka fige, miyar mole a tukunyar da mutum zai iya wanka a ciki, tamale, wato ƙullin masara da ake turarawa a ganyen ayaba, har muka daina ƙirgawa. Shi da kansa yake zagayawa yana ƙara wa mutane, amma bai kai loma baki ba. Ya hana matarsa Casilda da 'yarsu Jacinta ci, wai alwashi ya yi wa waliyyi.

Kwana shida bayan biki, ruwa ya ci Pascual wanzami a inda ruwa bai kai gwiwa ba. Shekara ta biyu wata amarya ce ta faɗi matacciya tana shanya. Ta uku, mai kaɗa ƙararrawar coci.

Nan zargi ya shigo gari. Aka ce rijiya ce, aka ce mai sayar da talotalo ne, maƙwabta suka daina karɓar kwanon juna. Ni ma ban tsira ba. Wata ta tare ni a bakin famfo ta ce, "Komadre, ƙawata, wai me kike barbaɗawa a miyar nan?" Na ce, "Abin da na barbaɗa wa mijinki shekara ashirin, ga shi can da tumbi kamar ganga." Muka yi dariya, amma ba ta sake cin abin hannuna ba.

A biki na huɗu na hango Jacinta tsaye a ƙofar madafa tana haɗiyar yawu. Shekararta goma sha biyar, kuma ni na riƙe ta a coci ranar baftisma. A garinmu uwar baftisma ba ta ganin 'yarta da yunwa ta kau da kai, ko uba ya ce me.

"Ke, siririya, zo nan. Ana yanka a gidan ubanki kina lasar leɓe?"

"Nana, Baba ya hana."

"Ubanki ya zo ya same ni. Ungo."

Tamale uku ta ci a bayan itacen girki, tana lashe yatsu tana dariya. Bayan kwana takwas aka same ta zaune a dutsen wanki ba rai, ido a buɗe, ba rauni ko ɗaya.

A maƙabarta Evaristo bai yi kuka ba. Ihu ya yi: "Wa ya ba ta? Wa ya ba ta abincin?" Kowa ya juyo ya kalle shi. Casilda ta tsare shi a gida har ya faɗi komai, ta zo ƙofar coci ta zayyana mana. Wannan ce maganar hankali ta ƙarshe da ta yi. Daga ranar nan, ɗura wa kujerar Jacinta abinci take yi da cokali.

Maza suka hau dutse, ba boka ba tulu. Sai muka ɗauko tukunyar bikin, muka dafa mole, muka kai ƙofar Evaristo. Fulgencio, amininsa tun suna kamun kifi, shi ya riƙe kwanon.

"Kompadre, aminina, loma ɗaya. Mu ɗari biyu ne a ciki, ƙila ma ba kai za a fara ɗauka ba."

"In ba ni za a fara ɗauka ba, me cin nawa zai ƙara muku?"

"Zai sa abin ya zo ƙarshe wata rana."

"Ƙarshena kenan," in ji Evaristo. Ya ja ƙofa ya sa sakata.

Ma'aikata suka watse, taba ta ruɓe a rumbu, shanu suka ƙare. Ya kori mai girki. Ya kai Casilda wajen danginta, wai ya ga tana shafa masa miya a cokali. Yau shekararsa casa'in da ɗaya, kifin gwangwani kawai yake ci, wanda ya buɗe da hannunsa, ruwan sama yake tara ya sha. Mutanenmu sun bazu, wasu birni, wasu sun tsallaka iyaka, amma duk watan Mayu sai waya ta yi ƙara an ce wane ya tafi. Ni ma shekara huɗu ina ɗanɗana gishirin tukunyar nan. Duk Mayu nakan wanke farar rigata in goge in ajiye.

Ku kiyayi kwaɗayi, 'ya'yana. Kada ku taɓa karɓar arzikin da wuyan wasu zai biya, kada kuma ku jefa jama'a a rami ku tsaya a baki. Evaristo ya tsira da ransa, gaskiya ne. Ku je ku leƙa ta ramin ƙofarsa ku ga ran: tsoho shi kaɗai a tsakar gida, riƙe da kofin ruwa, yana shinshinawa, ya kasa sha.