Mayafi a Rufin Coci

Ƙofar coci na buɗewa Rona ta ɗaga hannu tana murmushi, maƙalin shanya a bakinta.

Babu wanda ya mayar mata.

Mutanen tsibirin suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa cikin baƙaƙen kayansu na Lahadi, kowa ya zuba ido a kan igiyarta. Fararen zannuwan teburin biki ne reras, iska na kaɗa su fal-fal. A ƙarshen igiyar kuma ga mayafin amarya, wanda marigayiya mahaifiyarta ta yi aure da shi.

A hankali ta cire maƙalin daga bakinta.

"Me... me ya faru?"

Dolina ce ta fara tsallako hanya, mahaifiyar Tormod, angon da Rona za ta aura ranar Juma'a. Gajeriyar tsohuwa ce, amma in ta ɗaure fuska ko karnukan kiwo shiga taitayinsu suke.

"'Yar nan, yau wace rana ce?"

"Lahadi ce, Mama..."

"Au, ashe kin sani!"

Kaico, Rona! A tsibirinmu ko yaron goye ya san ba a shanya ran Lahadi. Ba a yanka ciyawa, ba a buga ƙusa, jirgin ruwa ma ba ya tashi. Ita kuwa baƙuwa ce, 'yar birnin Glasgow. Ita ta nace a kawo bikin nan, don Tormod ya sha ba ta labarin farin yashin gaɓarsu har ta haddace. Ta kama ɗan gidan haya daura da coci, ta gayyato danginta da ƙawayenta, ta shafe watanni tana fama da masu abinci da masu kiɗa. Tun saukarta ake tsuga ruwa, kayan da ta wanke har sun fara warin danshi. Jiya ta kai kukanta wurin Ishbel, mai riƙe da makullin zauren taro, wadda tun suna yara mutanen gari ke haɗa ta da Tormod.

"Haba ƙawata, wannan ne ya dame ki?" in ji Ishbel tana zuba mata shayi. "Gobe an ce za a yi rana. Ki baza abinki! Wa ya damu da waɗannan tsoffin dokokin yanzu?"

Ga Ishbel ɗin can a bayan dattawa, ta sunkuyar da kai kamar ba ta taɓa kashe ko sauro ba.

"Mama, wallahi ban san abin ya kai haka ba. Ishbel ce ta ce..."

"Ni?" Ishbel ta dafe ƙirji. "Rona, ki ji tsoron Allah! Litinin na ce miki."

"Ƙarya kike!"

"Ya isa!" Dolina ta daka tsawa. "Yau ɗana ya fara tsayawa a gurbin ubansa, ya ja mana baitin Zabura. Tun da aka binne mijina nake jiran wannan ranar. Sai na fito in tarar da wankin surukata a fuskar ɗakin Ubangiji?"

Rona ta juya da sauri za ta kwashe kayan. Hannunta bai kai ba iska ta taso daga teku, irin wadda ke zuwa ba sallama. Igiyar ta yi wani tsalle, maƙali ya fincike, mayafin ya tashi sama. Ya tsallake hanya, ya wuce kan hulunan dattawa, ya je ya maƙale a wani ƙarfe can a bakin rufin coci.

"Wayyo Allah! Mayafin Mamata!"

Sai a lokacin ta hango shi. Tormod ne, dogon nan mai jan gashi, yana tsaye a kan matakala da littafin Zabura a hannu. Ta ruga ta riƙe hannun rigarsa.

"Tormod! Masoyina, tsani! Akwai dogon tsani a rumbunku, na gan shi. Yi sauri kafin ya yage!"

Ya dubi rufin. Ya dubi mahaifiyarsa. Ya dubi dattawa.

"Rona tawa..." ya ce ƙasa-ƙasa. "Gobe. Gobe da sassafe zan sauko miki da shi."

Ta saki rigarsa.

"Gobe?"

"Ki gane mana. Ba zan iya kafa tsani a jikin coci yau ba."

"Kai ne fa! Kai da kake wankin kayanka kowace Lahadi a Glasgow, kana fito, kana ce min in miƙo sabulu!"

Wani dattijo ya yi gyaran murya. Fuskar Tormod ta yi jawur har kunnuwa.

"Can daban, nan daban. Don Allah ki rage murya."

"Shi kaɗai ya rage min nata, Tormod. Ka sani! Kai ka riƙe ni ranar da na buɗe akwatinta ina kuka."

"Na sani, zuciyata, na sani..."

"To da tunkiyarka ce ta faɗa rami yau, za ka bar ta sai gobe?"

Sai ya ba da amsar da aka koya masa tun yana ɗan ƙarami.

"Wannan lalura ce. An yarda da ita."

Rona ta gyaɗa kai a hankali, hawaye na sauka har haɓarta.

"Ashe ban kai tunkiya ba."

Da kanta ta nufi rumbun. Ta sami tsanin, ta ja, ta sake ja, ko gezau bai yi ba, don katako ne na mazan da, sai ƙarti biyu ke ɗaga shi. Ta dawo hannu duk sartse. Kafin nan kowa ya watse ya tafi cin miyar ragon da aka dafa tun jiya. Tormod ma Dolina ta tasa shi gaba.

Ta zauna a bakin taga ta zuba wa rufin ido.

Wannan yini ba ta ga irinsa ba. Iska ta yi ta fizgar mayafin tana maka shi da dutse. Lallausan saƙa ne, tsoho, ina zai iya da iskar tekunmu? Gefen da mahaifiyarta ta yi wa ado da hannunta shi ya fara rabuwa. Rona na kallo wani ƙyalle ya ɓalle ya yi teku, wani ya bi bayansa. Ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ta so ta bar garin a take, to amma ina jirgi?

Da yamma mutane suka dawo sujada ta biyu, suka bi ta ƙarƙashinsa ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya ɗaga kai. Daga inda take ta jiyo muryar Tormod na jan baiti, jama'a na amsawa. Muryar nan ce fa da ta sace mata zuciya. Daɗinta bai ragu ba ko kaɗan, kuma wannan ya fi komai yi mata ciwo.

Bayan an tashi ya ƙwanƙwasa mata ƙofa.

"Rona... buɗe mana. Na kawo miki abinci."

"Ka kawo tsani?"

Ya sake ƙwanƙwasawa a hankali.

"To ka je, Mama na jiranka."

Washegari tana bakin gaɓa da akwatinta tun kafin jirgi ya gama sauke buhunan abincin tumaki. Sai ga shi a guje, gwiwar wandonsa duk gansakukar rufi.

"Rona! Tsaya! Ga shi, na sauko da shi! Ko shayi ban sha ba, gari na wayewa na hau!"

Ya buɗe hannunsa. Abin da ya rage bai fi a ɗaure yatsa da shi ba, ya yi baƙi da tsatsa.

Ta karɓa, ta shafa shi a kumatunta.

"Na gode."

"Zan saya miki wani, wanda ya fi shi! Mama ma ta huce, ta ce in kin ba dattawa haƙuri za a yi biki yadda aka shirya. Ishbel kuma ki bar ni da ita."

"Ni ce zan ba da haƙuri?"

"Baki ne kawai, masoyiyata. Ki yi don ni."

Ta dube shi sosai. Har yanzu tana son sa, abin haushin ke nan. Tana son jan gashin nan da iska ta hargitsa, da hannayen nan da suka kwana biyu suna goge mata kujerun zaure.

"Tormod, in mun yi aure, a nan za mu zauna, ko ba haka ba? Ba ka taɓa niyyar komawa Glasgow ba."

Ya sunkuyar da kai.

"Gonar... da Mama... Na so in gaya miki bayan biki."

"Na gani jiya. Mutumin da na sani ban san inda ka baro shi ba. Wannan da ke gabana ɗan Dolina ne, kuma kowane mako akwai Lahadi."

"Ina son ki, Rona! Wallahi ina son ki!"

"Na sani. Jiya ma kana so na, kana tsaye."

Ta zare zoben baikonsu ta saka masa a tafin da mayafin ya fito, ta naɗe masa yatsunsa a kai. Jirgi ya yi kuka. Ta ja akwatinta ta hau, tana tunanin yadda za ta fara kiran mutane ɗaya-ɗaya ta ce musu kada su zo.

"Rona! Yaushe za mu yi magana?"

Ba ta juyo ba. Ta san in ta juyo sauka za ta yi.

Zannuwan teburin nan ba su yi asara ba, da su aka yi bikin Ishbel da Tormod da bazara ta zagayo. An ci, an sha, Dolina har da rawa. Rona kuwa ba ta sake taka tsibirinmu ba.

Amma akwai wani ɗan farin zare da ya naɗe a ƙarfen rufin, wanda hannun Tormod bai kai gare shi ba. Yana nan har yau. Duk Lahadi za ka ga Tormod ya taho da littafinsa, yana gaisawa da kowa, yana dariya. Da ya iso ƙarƙashin wurin sai dariyar ta ɗauke, ya kafa ido a kan takalminsa har ya shige.