Saman Hrabinka Ba Jirgi

Ranar da tsofaffin jiragen yaƙin nan ƙirar Rasha za su bar sansanin da ke bayan ƙauyen Hrabinka, har guragu sai da aka turo su bakin shinge. Slobakiya ta bayar da su kyauta, sababbin da aka saya a Amurka kuwa ko ƙusarsu ba a ɗaura ba.

Terka, 'yar autar Imrich mai gonar tuffa, ta kafa tebur tana sayar da kek. Nan ta hango wani dogon soja ya cusa yatsu cikin shinge, hawaye na zubowa ta ƙarƙashin baƙin tabarau.

"Malam, rasuwa aka yi maka?"

"Jirgina ne na biyun can," in ji shi. "Sunana Radovan, matuƙi ne ni."

"Matuƙi a ƙasa? Ashe yanzu ni da kai ɗaya, sai dai na fi ka sana'a." Ta miƙa masa kek. "Ci, kuka da yunwa ba ya daɗi."

Ya ci uku. Matan da ke kusa sun ƙirga masa, kafin yamma lissafin ya kai bakwai a bakin mutane.

Daga nan Rado ya zama ɗan gona. Mutumin da ke keta gajimare sai ga shi a kan tsani yana rawar ƙafa, Terka na riƙe masa tana dariya. Yana ce mata Tantabarata, tana ce masa Shaho Mara Fiffike. Ana cikin haka sunansa ya fito cikin waɗanda za a tura Amurka koyon sababbin jirage, shekara biyu cur.

Ya sa kwat ya je gaban Imrich neman aurenta. Tsohon bai ko nuna masa kujera ba.

"Yaro, ba ni da komai da kai. Amma ka san Vilma ƙanwata? Matuƙi ta aura. Abin da aka kawo mata na gawarsa a akwati ko nauyin ɗan rago bai kai ba. 'Yata ba za ta ƙare rayuwarta tana kallon sama ba."

"Baba, sababbin jiragen ba kamar..."

"Wancan ma sabo ne ranar da aka kawo shi. Sauka lafiya."

Rado ya tafi, shiru ya sauka a Hrabinka. Tagogi suka daina kaɗawa, kaji suka ƙara ƙwai, limamin coci ya samu ya kai ƙarshen huɗubarsa ba a katse shi ba, abin da bai yi wa kowa daɗi ba. Kowa ya yi ƙiba ban da Terka. In tana tsinkar tuffa, ko ƙudan zuma ya gifta sai ta ɗaga kai. Safiyarta darensa ne, saƙo yakan kwana kafin a amsa.

"Tantabarata, yau na tashi ni kaɗai. Jirgin nan yana da hankali fiye da ni, amma bai san hanyar gidanku ba. Zan koya masa."

"Shahona, nan saman kamar gidan da aka kwashe kaya. Na yi kewar ƙarar da nake zagi. Ka ci abinci, na ga wuyanka a hoto."

To, gona ba mai gadi, ai ka san sauran. Dušan, ɗan kwangilar da ke zuba kankare a sabon titin jiragen, ya fara zarya a gidan da ƙatuwar motarsa. Imrich har da yanka masa tsiran alade.

"Ga namiji, ƙafarsa biyu a ƙasa," yake faɗa da ƙarfi don a ji a kicin.

"Tumbinsa ma ya kusa isa ƙasan," in ji Terka daga ciki.

Sai kuma saƙon Rado ya ɗauke ɗif, mako ya bi mako. Dušan ya zo da hoto a wayarsa: Rado da wata Ba'amurkiya mai kakin soja, ta rataya masa hannu a wuya, haƙora waje. Terka ta ce hoton ya yi kyau, ta shiga rumbun tuffa ta rufe ƙofa. Abin da ta yi a ciki ba wanda ya gani, amma ta fito da hanci ja.

Ba ta rubuta masa komai ba. Shi ne ya rubuto.

"Tantabarata, an jefa mu jeji koyon yadda ake rayuwa in jirgi ya faɗi, an ƙwace wayoyi. Na ci ƙadangare. Na ji an nuna miki wani hoto. Matar da ke ciki malamata ce, jikokinta biyu, ita ta kayar da ni jarrabawa sau ɗaya. Ko ba ki amsa ba, gida zan zo."

Ta amsa da kalma ɗaya: "Ƙadangare?"

Ranar da sababbin jiragen za su iso, Imrich ya ce duk wanda ya je bakin shinge ba ɗan gidansa ba ne. Sai ga Goggo Vilma ta shigo da jar riga, ita da ba a taɓa ganinta ba sai cikin baƙaƙen kaya tun rasuwar mijinta.

"Terka, ɗauko mayafinki. Yaya, kai ma tashi."

"Vilma, ke ce za ki kai ta? Ke?"

"Ni ɗin. Shekara talatin kana ba da labarina, ka taɓa tambayata? Shekara huɗu na yi da Štefan. A dawo da ni baya, shi zan sake aura, in sake karɓar akwatin. Kana tsoron ta kalli sama? Dube ta, shekara biyu tana kallonsa ba kowa a ciki."

Imrich ya dubi 'yarsa, irin duban da ya daɗe bai yi mata ba. Rigar bara ta yi mata yawa. Ya ɗauki hularsa.

Suna isa ƙarar ta fasa gajimare, jirage biyu masu launin toka suka sauko a jere. Terka ta ƙanƙame shingen tana dariya tana kuka, ba ta ma san wanne ne nasa ba, duka biyun take ɗaga wa hannu. Tsohon bai kalli jirgi ko ɗaya ba, fuskarta yake kallo.

Da Rado ya fito bakin ƙofar sansani, ya yi baƙi ya rame, ya tsaya nesa yana murza hula. Imrich ne ya fara magana.

"Ka iya sauka?"

"Na iya, Baba."

"To kullum ka tashi, ka sauko. Sharaɗina ke nan. Lahadi ka turo manyanka."

An ɗaura auren bayan an gama tsinkar tuffa. Dušan ya zo ya ci ya ƙoshi, har an gan shi yana rawa da ƙanwar ango. Goggo Vilma ce ta cire wa amarya furen kai ta ɗaura mata ɗankwalin matan aure, ta raɗa mata wata magana a kunne wadda duk naci ba a samu jin ta ba.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sa yawan tashinsa ya zama yawan saukarsa.