Tawadar da Ba Ta Fita

Duk wanda ya san Yusha'u a Unguwar Sarki ya san ba kujerar majalisa ce ke hana shi sukuni ba, Sharhabil ne. Layi ɗaya suka tashi, aji ɗaya suka yi, amma Sharhabil ya ci majalisar jiha sau biyu, shi kuwa gogan sau uku yana shan ƙasa, ko akwatin ƙofar gidansu bai taɓa kawowa ba. In motar Sharhabil ta wuce, tuwo ma ɗaci yake masa.

Wata Laraba da rana tsaka ya ajiye mota a Katabu, ya ratsa gonaki har wata bukka da ko tsuntsu ba ya sauka a kanta. Ciki babu komai sai baƙar tukunya da aka ɗaure wa baki da jan ƙyalle, da ƙwarya cike da wani ruwa mai kauri, mai ƙarni. Bokan da ke zaune a bayan tukunyar bai ɗago kai ba ya jefo masa tambaya.

"Kujera kake so, ko ka ga abokinka a ƙasa?"

"Duka biyun."

"Kowace kujera da ranta. Cikin masu dangwala maka, wanda ya yi don ƙauna tsantsa, ba don atamfa ko taliya ba, shi za mu ɗauka. Ɗaya a kowane zaɓe."

Yusha'u ya tuna dubban da ke masa ihu a taro, ya ga mutum ɗaya ba komai ba ne. Ya tsoma babban yatsa a ƙwaryar, ya dangwala a jikin tukunya. Wawa, bai tambayi kansa mutum nawa ke ƙaunarsa kyauta ba.

Ya kayar da Sharhabil. Ana cikin kiɗan murna mahaifiyarsa, Hajiya Hasiya, ta yanke jiki ta faɗi. Masu wankan gawa suka ce sun goge tawadar zaɓe a yatsanta har sun gaji, ba ta fita ba. Bayan shekara huɗu ya haye majalisar tarayya, matarsa Mero ta rasu, ita ma da tawadar.

Zaɓe na uku ya zo daidai lokacin da Nusaiba, 'yarsa tilo, ta cika shekara sha takwas ta yanki katin zaɓe. Lokacin Yusha'u ya riga ya gane, kuma janyewa kawai za ta cece ta. Amma da ya ji Sharhabil ne zai gaji kujerar, sai ƙyashi ya hana shi. Ya ɗauke katin ya ɓoye a aljihun babbar riga, yana ganin ya yi wayo.

Ranar zaɓe da la'asar ta shigo tana murmushi, ta ɗaga yatsa.

"Baba, na tsinci katina cikin kayan wanki. Na zaɓe ka."

Ya ci da rata mai yawa. Washegari aka kai Nusaiba makwancinta.

Yanzu yana zaune a ƙofar gida da soso da sabulu. Duk wanda ya miƙa masa hannu sai ya damƙe yatsansa yana gogewa yana kuka. Sharhabil ne ke aiko masa da abinci.

Kai mai ƙyashin kujerar wani, ka ji tsoron Allah. Yusha'u ya samu duka biyun da ya nema, ka je ka gan shi.