Kwabon da ke Kuncin Munji

Duk sanda aka yi ruwa a Subaitula, Munji yakan bi kwazazzaban bayan kufan Rumawa yana tsintar tsoffin kwabbansu na tagulla. In ya samu wanda ƙasa ta daskare masa, sai ya jefa a kunci, yawu ya jiƙa shi har fuskar sarkin da ke jikinsa ta fito. Na yau a tsakanin haƙoran wani tsohon muƙamuƙin mutum ya zaro shi. Ya ɗan goge, ya jefa a baki.

Duhu ya riske shi cikin gonar zaitun. Takalmansa na nutsewa a taɓo, amma wani tsoho da ya jero da shi cikin alkyabba ko ƙarar taku babu. Warin jiƙaƙƙen rami yake yi.

"Ɗana, ba ni abina," in ji tsohon. "Mai jirgi ya ƙi ɗaukata, ba ni da kuɗin fito."

"Wane jirgi kuma, Baba? Nan ko tafki babu."

Munji ya so ya yi dariya, sai kwabon ya bugi haƙorinsa. Kwabon ya yi sanyi kamar ƙanƙara.

"'Yata ce ta sa mini shi a baki da hannunta ranar da aka binne ni. Na daɗe ina jira."

Munji ya haska fitilar wayarsa. Sawun mutum ɗaya ne tak a bayansu. Tsohon ya matso, ya buɗe baki a hankali. A tsakiyar harshensa ga koren tabo zagayayye, har da shatin fuskar sarkin.

"Tofo shi," ya ce. "Ko kuwa kai za ka hau jirgin?"